Na Rantse Ba Zan Shiga Gidan Abokina Ba Sai Wasan Ya Fito

Anti Hikmatu, assalamu alaikum.

Don Allah ki taimaka min kafin Lahadi. Da hannuna na rubuta wasiƙar nan na kawo ofishinku, in kuwa za ki ajiye ta sai mako mai zuwa, to ki ba mai ƙosai ta naɗe ƙosai da ita, don ba sauran amfanin da za ta yi min. Kuma ina roƙon ki kada ki yi dariya, ko da yake na san za ki yi.

Ni malami ne, shekarata talatin da ɗaya, ina koyar da kimiyya a wata ƙaramar sakandare a Kasalgu, gidanmu kuma yana Tishigu, duk a nan Tamale. Ina da hankali, har iyaye kan kawo min 'ya'yansu in yi musu faɗa. Na faɗi wannan da wuri ne saboda abin da zai biyo baya bai yi kama da aikin mai hankali ba.

Akwai wani wasan kwamfuta da muke jira yau shekara huɗu. Ba zan ambaci sunansa ba, 'yan gem sun riga sun gane, sauran jama'a kuma sunan ba zai ƙara musu komai ba. Wasa ne na sararin samaniya. Mutum zai ƙirƙiri ɗan wasansa da kansa, ya zaɓar masa fuska da launin fata da sana'a da hali, ya haɗa kumbonsa gaɓa-gaɓa, ya ɗauki ma'aikata, ya tashi. Kamfanin ya ce akwai duniyoyi ɗari bakwai, kowace ana iya sauka a kanta a yi kasuwanci ko bincike ko ma fashi, kuma duk shawarar da mutum ya yanke, labarin zai riƙe ta ya dawo masa da ita can gaba. Ranar da suka saki tallan farko na kalle shi sau goma sha ɗaya a ɗakin malamai har datata ta ƙare. Akwai wani wuri a ciki da kumbo ke fitowa daga inuwar wata duniya mai zobe, hasken rana ya bugi gilashin gaba. Anti, shekara takwas ina zana wannan zoben da alli a allo, ɗalibaina suna cewa ya yi kama da faifai a kan tukunya. Ranar sai ga shi yana juyawa a gabana.

To, ina da aboki, bari in kira shi Abdul-Waris. Na canza sunan, amma duk Tishigu za su gane, ba komai. Gidansu shi ne na huɗu daga namu. Tare muka yi makarantar allo, tare muka fara gem, kuma shi ya haɗa min kwamfutar da nake wasa da ita, don gyaran waya da kwamfuta ne sana'arsa a kasuwa. A tsakar gidansu, ƙarƙashin bishiyar nim, bes ɗinmu yake, inda muke zama shan shayin ataya bayan la'asar.

Abdul-Waris bai taɓa yarda da wasan nan ba, ko na minti ɗaya. Shi irin mutanen nan ne da in ka ba su sabon moto, wato babur, kyauta, ƙarƙashinsa za su fara leƙawa suna neman inda mai ke ɗiga. Cewa yake talla daban, wasa daban, kuma abin da suka nuna mana a kan kwamfutar da ta fi gidanmu tsada aka ɗauke shi. Wai babu wanda zai zauna ya gina duniyoyi ɗari bakwai da hannu, na'ura za a sa ta watsa duwatsu, mutum ya sauka ya tarar da fili kamar gonakin Gbalahi bayan girbi, ko akuya babu, ya yi tafiyar minti ashirin ya tsinci ƙarfe ɗaya ya koma kumbo. Wai ko da wasan ya yi kyau, giga ɗari da hamsin ne, da intanet ɗin unguwarmu zan fara sauke shi ina saurayi in gama ina da jikoki, a tsakani kuma dumso, matsalar lantarkin nan tamu, ya ɗauke wuta daidai kashi casa'in da tara. Ya kuma ce shi ya haɗa kwamfutata, ya san abin da ke cikinta, ranar da na kunna mata wasan ita za ta riga kumbon tashi sama.

Duk wannan ina shanyewa ina ramawa. Nakan ce masa da irinsa aka ba jirgin Annabi Nuhu ya duba, da har yau yana ƙwanƙwasa katako. Shekara uku muna haka, daɗi ma abin yake mana. Suhuyini, wanda ke dafa mana ataya, yakan ce tun da yake da mu bai ga amfanin sayen rediyo ba.

Sai wata takwas da suka wuce kamfanin ya ɗaga ranar fitowar wasan karo na biyu. Kafin in iso bes kowa ya karanta. Suhuyini ya miƙo min kofin farko, mai ɗacin nan, ya ce na masu makoki ne, Allah ya ba ni haƙurin rashi. Na zauna ina yi musu bayani cewa ɗagawa alama ce ta masu son aiki ya yi kyau, gara a makara da a kawo ɗanye. Ina cikin magana Abdul-Waris ya katse ni yana dariya, ya ce cale, wato aboki, in bar maganar taurari, ni da ko Kintampo da ke kan hanyar Kumasi ban taɓa wucewa ba. Bes gaba ɗaya ya fashe da dariya.

Anti, gaskiya ya faɗa, ban taɓa wuce Kintampo ba. Amma shi ya fi kowa sanin dalili. Na samu gurbin karatun fiziks a Kumasi a shekarar da mahaifiyata ta kwanta ciwo. Ni ne babba, babu mai zama da ita. Na ajiye takardar, na shiga kwalejin malamai a nan Tamale. Shi ya tafi Kumasi koyon gyara a motar da ya kamata mu shiga tare. Shekara tara tana jinya, ta rasu shekara uku da suka wuce. Kuma don kada in ci haƙƙinsa, bayan ya dawo shi yakan ɗauke ta a moto ya kai ta asibiti in ina aji, bai taɓa bari na ce na gode ba. Shi ya sa maganar ta fi ciwo. Da Suhuyini ne ya faɗa da tuni na manta.

Na ajiye kofin, na miƙe, na ce wallahi tallahi ba zan sake shiga gidan nan ba sai ranar da wasan ya fito, in shigo da shi a hannuna in kunna a gabansu. A lokacin saura wata uku sabuwar ranar ta cika. Na ce wata uku ai ba komai ba ne. Har na tsara yadda zan shigo, da rigar da zan sa. Ana saura mako ɗaya sai kamfanin ya sake fitar da sanarwa, farin rubutu a kan baƙin allo, wai sun ɗaga, wannan karon babu ma rana, sai mun ji daga gare su. Har da gode mana saboda haƙurinmu. Ni da nake tsaye a bayan katanga, ni ake yi wa godiya.

Haka nake rayuwa wata takwas. Mahaifiyar Abdul-Waris, Mma Adijatu, wadda na ci tuwon zafinta fiye da na gidanmu, ta saman katanga nake gaishe ta kamar mai duba mitar wuta. Da Babbar Sallah ma ta saman katangar ta miƙo min nama a leda. Ni da Abdul-Waris muna haɗuwa a masallaci, mu yi sallama, mu taɓa bakin yatsu, kowa ya nemi takalminsa. In zan wuce bayan la'asar ina jin dariyarsu, sai in ƙara wa moto wuta kamar ina da wurin zuwa. Fankar kwamfutata ta fara ihu kamar injin niƙa, na kai wa wani mai gyara daban don kada a ce na nemi taimako. Ya dawo min da ita da kusoshi biyu a leda, wai sun yi saura, yanzu kuma tana zafin da za ta iya gasa burodi.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. A watan jiya kamfanin ya saki bidiyon minti ashirin na ainihin wasan, ba talla ba. Yana da kyau, ba zan yi ƙarya ba, wurin haɗa kumbo ya fi yadda na zata, kuma na ga gashi irin namu a cikin zaɓin fuska, ba irin wanda suke yi kamar an kifa wa mutum ƙwarya ba. Amma na ga wata bukkar ƙarfe mai karyayyiyar ƙofa a duniya ta farko. Na sake ganin ta a ta biyu. A ta uku na tsayar da bidiyon, na ɗauki hoto na gwada. Ita ce, har da ƙofar, launin ƙasa kawai aka canza. Na daɗe zaune ina kallon hotunan. A zaurenmu na 'yan gem a waya wasu suna cewa tsohon aiki ne za a gyara, wasu suna cewa asiri ya tonu. Ni kuma har yanzu ni ne kan gaba wajen kare wasan, don in na yi shiru za a kai wa bes labari.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Naila, matar Abdul-Waris, ta haihu ranar Lahadi, mace. Washegari Mma Adijatu ta kawo min goro da kanta, ba ta aiko ba, ita da gwiwarta ke hana ta zuwa kasuwa. Ta zauna a kan kujerar mahaifiyata ta huta, sannan ta ce ita ba ta san wane tauraro muke faɗa a kansa ba, amma ko rigimar ganin wata a Tamale ba ta wuce kwana biyu, a na uku kowa yana cin abinci a gidan kowa. Ta ce an riga an zaɓi suna, Memunatu za a sa wa yarinyar. Sunan mahaifiyata ke nan. Ta ce Abdul-Waris ya ce takardar da za a rubuta sunan a kai, babu wanda zai miƙa ta ga liman sai ni, kuma a tsakar gida za a yi, bayan asuba, ƙarƙashin bishiyar nan. Ta ajiye goron a kan tebur, ta ce ba ta ɗauko goro da wannan gwiwar don ta koma da shi ba. Na karɓa. Kin san abin da karɓar goro ke nufi.

Tun ranar na kasa shirya darasi. Ina tsoron Allah, rantsuwa na yi da bakina a gaban mutum shida. Ina kuma tsoron bes, ba zan ɓoye ba. Suhuyini ya riga ya turo min saƙo yana tambaya ko kumbo zai sauka ranar Lahadi ko shi ma an ɗaga. Wani lokaci kuma sai zuciyata ta ce anya ba tarko ba ne, don in shigo da ƙafata ba wasa a hannu su ce na sha kaye? Har yau fa Abdul-Waris bai ba ni haƙuri a kan maganar Kintampo ba. Na so in tambayi liman, amma 'yarsa tana ajina, ta ina zan fara yi masa bayanin cewa malamin kimiyya ya rantse da Allah a kan gem?

Akwai wata hanya da na hango. Ranar Asabar kamfanin zai saki ɗan gwaji, duniya ɗaya, awa biyu, ga waɗanda suka biya tun kafin wasan ya fito. Ina cikinsu, kada ki tambaye ni. In na samu na sauke shi a laftof ɗin makaranta na shiga da shi a hannu ranar Lahadi, na cika rantsuwata? Ko kuwa in tsaya a waje in miƙa takardar ta saman katanga Suhuyini ya kai wa liman? Don Allah ki faɗa min gaskiya, amma a hankali.

Naki,
Matuƙin da kumbonsa bai tashi ba, Tishigu.

*

Ƙanena Matuƙi, wa alaikumus salam.

Na yi dariyar, ba zan ɓoye maka ba. Na yi ta har inda ka kawo maganar Kintampo, daga nan na daina. Allah ya jiƙan mahaifiyarka, ya sa jinyar da ta sha ta zama kankarar zunubi, kai kuma ya saka maka da abin da ya fi gurbin Kumasi.

Bari in tabbatar na fahimci lamarin. Ka ɗauki sunan Allah ka ɗaura shi a kalandar wasu mutane da ke wata nahiya, waɗanda ba su san akwai Tishigu a duniyar nan ba, balle a ɗari bakwai ɗin tasu, kuma sun riga sun saɓa maka alƙawari sau biyu kana gani. Telan da ya bar ka ba riga ranar Sallah sau biyu, ko sabon hula ba za ka saya da dogaro da ranarsa ba. Kai kuwa abota ta shekara ashirin da ɗoriya ka jingina a kan tasu. Madalla da malamin kimiyya.

A kan wasan kansa, ba zan goyi bayan kowa ba, don babu wanda ya sani a cikinku. Fatanka ba wauta ba ce. Wanda ya shekara takwas yana zana zobe da alli yana da ikon ya so ganin sa yana juyawa, kuma wani lokaci ɗagawa takan haifar da aiki mai kyau. Shakkar abokinka ma ba hassada ba ce, sana'arsa ce ta koya masa cewa abin da aka rubuta a jikin kwali ba lallai shi ne a ciki ba. Kakanninmu da suka zo garin nan da fataucin goro sukan ce ganin Dala ba shiga birni ba ne. Bukkar da ka gani sau uku wataƙila a gyara ta, wataƙila kuma ka gan ta sau ɗari bakwai. Shekara huɗu kuna gardamar gishirin miyar da ba a sauke ba. Abin da mai hankali ke yi shi ne ya jira wasan ya fito, ya bar shi mako biyu a hannun 'yan wasa irinsa, waɗanda ba kamfani ya ba su ba, ya ji abin da suka ce, ya duba ko na'urarsa za ta ɗauka. Ka riga ka biya, wannan ya wuce, kada ka ƙara.

Amma ka lura da inda kake tsaye. Wata takwas kana bayan katanga kana kare wani abu da kai kanka ka tsayar da bidiyonsa kana gwada hotuna. Rabin zuciyarka ya riga ya koma ɓangaren Abdul-Waris, ƙafarka ce kawai ba a sanar da ita ba.

Maganar ɗan gwaji kuwa, ka bar ta. Ka san abin da kake nufi ranar da ka rantse, kuma Wanda ka rantse da Shi ya fi ka sani. Ka kwatanta ma abin a ranka: malamai sun zauna, rago yana ɗaure, wanzami yana wasa aska, sai ga ka da laftof ɗin makaranta a hammata kana roƙon a ɗan dakata allo ya gama buɗewa. In kuma ya buɗe aka sauka daidai ƙofar bukkar nan fa? Ta saman katanga kuma nama ake miƙawa, shi ma don an rasa yadda za a yi da kai ne. Ba a miƙa sunan uwa ta nan.

Hanyar fita tana nan a buɗe tun ranar farko, girman kai ne ya tsaya a bakinta. Abin da muka koya shi ne, wanda ya rantse a kan wani abu sannan ya ga barinsa ya fi alheri, ya yi abin da ya fi alherin, ya yi kaffara. Kaffarar ita ce ciyar da mabuƙata goma ko tufatar da su. Azumin kwana uku na wanda ba shi da halin yin haka ne, kuma mai albashi da ya iya biyan wasan da bai fito ba, ba na jin yana cikin wannan sahun, don haka kada ka fara murnar ka samu mai sauƙi. Ni ba mufti ba ce. Ka je wurin liman yau bayan la'asar, tunda dama ba ka da wurin zuwa a lokacin, ya faɗa maka mudun da za ka bayar da yadda za ka bayar. Kada kunya ta hana ka. Mutumin nan ya ji rantsuwa a kan ƙwallo, ya ji a kan akuya, ya ji a kan zaɓe. Taka sabuwa ce a wurinsa, iyakarta ke nan, zai kuma fi jin daɗin ganin ka da tambaya a kan jin cewa malamin 'yarsa ya yanke zumunci saboda taurarin kwamfuta.

Yanzu Abdul-Waris. Ya yi laifi, ban rage masa komai ba. Akwai wasan da ake yi a bes, akwai kuma inda ba a taɓawa, shi kuma ya san wurin ya kai hannu don ya samu dariya. Baki shi ke yanka wuya. Amma batun tarko, haba ƙanena. Wato ya zauna ya shirya haihuwa, ya roƙi Allah ya ba shi mace, ya ɗauki sunan da yarinya za ta amsa har tsufanta, ya taso tsohuwa mai ciwon gwiwa da goro, duk don Suhuyini ya samu abin dariyar kwana biyu? In haka ne to ya fi kamfaninku iya tsara labari, su zo su ɗauke shi aiki. Akwai mazan da kalmar haƙuri ke maƙale musu a wuya kamar ƙaya, sai su faɗe ta da aiki. Kai ma ka ce yana kai mahaifiyarka asibiti ba ya bari ka gode masa. Irinsu ne. Ka yi tunani, yarinyar nan ba za a ma riƙa kiran sunanta a gidan ba saboda kunyar mai sunan, Mma, wato uwa, za ku riƙa ce mata, kai da shi. Ban san wani ban-haƙuri da ya fi wannan tsada ba.

Duk da haka ba na so ka haɗiye maganar, don abin da aka haɗiye shi ke dawowa da rantsuwa. Ga yadda nake ganin za ka yi. Kada shigarka ta farko ta zama ranar Lahadi a gaban jama'a. Ka je ranar Asabar da hantsi, lokacin da ake kafa rumfa ana jera kujeru. Ka shiga ta ƙofa, ka durƙusa ka gaida Mma Adijatu yadda ake gaida uwa, ka yi wa Naila barka, ka ɗauki jaririyar. Sannan ka kama kujera ka yi aiki kamar ɗan gida, don ɗan gidan ne kai. In an samu sarari ka ja Abdul-Waris gefe, ku biyu, ka ce masa maganar Kintampo ta yi maka ciwo kuma ya san dalili. Iyakarta ke nan, kada ka sako giga ko duniyoyi a ciki. Ka yi shiru ka ba shi dama. In ya ba da haƙuri, ka karɓa. In ya sunkuyar da kai ya tambaye ka lafiyar kwamfutarka, shi ma ka karɓa, haƙurin ne ya zo da wata riga. Ka kai masa ita da kusoshinta biyu kafin ta ƙona muku ɗaki.

'Yan bes za su yi maka dariya, kada in yaudare ka, kuma ka ci bashinta, wata takwas suna ajiye maka. Amma dariyar da mutum ya riga kowa yi wa kansa ba ta daɗewa. Ka ba su labarin bukkar nan da bakinka, ka nuna musu hotunan. Za su ji daɗi mako ɗaya, daga nan a koma kan wani. Kuma ka ci gaba da fatanka a fili in kana so, mutum yana iya cewa ina fata amma ina shakka, sama ba ta faɗowa.

Saura abu ɗaya, shi ne na fi so ka ji. Shekara tara a gefen gadon uwa tafiya ce da da yawa cikin waɗanda suka wuce Kintampo ba za su iya ba. Amma ƙishin nan na karatu yana nan bai mutu ba, shi ya sa wasa ya zame maka abin rantsuwa, kuma ko wasan ya fito ya fi tallansa kyau, ba shi zai kashe ƙishin ba. Jami'o'i suna da karatun lokacin hutu da aka shirya domin malamai irinka. Shekara talatin da ɗaya ba tsufa ba ce, na ga masu arba'in da biyar sun fara. Ka nemi bayani kafin zangon nan ya ƙare, ka rubuto min abin da ka samu, zan taya ka duba takardun.

Ranar Lahadi ka sa kayanka masu kyau, ka riga kowa isa, ka miƙa takardar da hannu biyu. Lokacin da liman zai ɗaga murya ya faɗi sunan, in hawaye suka zo maka ka bar su, babu wanda zai yi dariyar wannan a Tishigu. Allah ya raya Memunatu ƙarama a kan halin mai sunanta, ya ba Naila lafiyar shayarwa, ya sauƙaƙa wa Mma Adijatu gwiwarta, ku kuma ya kiyaye muku bakunanku.

Yayarka,
Hikmatu.